Saƙonnin Baba Zuwa ga Yaya

Litinin, bayan makaranta

Yau ma Yaya bai kwana a gida ba. Mama ta ce aiki ne ya yi masa yawa a shago, amma da ta faɗa tukunya take kallo, ba ni ba. Na leƙa ɗakinsa, katifar ba ta nan, bargon ma ba ya nan. Takalmansa na fita ne kawai a bakin ƙofa.

Yaran Mama sun cika tsakar gida kamar kullum. Iyayensu mata suna kawo su da safe in za su tafi aiki, su ɗauke su da yamma. Akwai Tagwaye, akwai Sarauniya wadda ba ta cin abinci sai an roƙe ta, akwai Mai Majina. In na dawo makaranta ni nake wanke musu hannu. Sun fi 'yan ajinmu sauƙi, don ba sa tambayata me ya sa ba na magana.

Talata, da yamma

Baba yana fushi. A gidanmu in Baba yana fushi ba ya yi wa mutum magana kai tsaye, ni yake aika, ni da ake kira Shiru a gida. Ko Mama na zaune kusa da gwiwarsa sai ya ce, "Shiru, ki faɗa wa uwarki shayin nan ruwan wanki ne." Ni kuma in juya in ce, "Mama, Baba ya ce a ɗan ƙara madara." Mama ta ji na farkon da kunnenta, amma nawa take jira, shi take amsawa. Tun ina ƙarama haka muke yi, kuma yana aiki.

Saƙon waya ma ni ce. Mama ba ta iya rubutu a waya ba, Baba kuma ya ce yatsunsa na riƙe sitiyari ne. Shi ya sa Yaya yake kirana Sakatariya.

Yau Baba bai aike ni wurin kowa ba. Ya dawo, ya ajiye makullin motar ma'aikata, ya zauna. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro.

Laraba, bayan an ɗauki yara

Mama ta miƙo min wayarta ta ce in rubuta wa Babba, haka take kiran Yaya. "Ki ce masa ya ci abinci? Ya je wurin likitar?" Na tambaya wace likita. Ta ce in rubuta kawai.

Ya amsa nan take. Ya ce ya ci, ya je, an ce ya koma Laraba mai zuwa. Sai ya ƙara, "Kada a aiko Sakatariya da abinci ita kaɗai. Kada a aiko kowane yaro. Ni na roƙa."

Na karanta wa Mama da murya daidai, ban bari ta yi rawa ba. Ni ce nake kai masa abinci shago tun ina firamare. Yana ba ni kujerar da ba ta da baya, in zauna in ware masa ƙananan kusoshi daga manya, yana gyaran rediyo yana ba ni labarin masu kawo fankar da ta mutu tun zamanin kakansu su ce jiya ta tsaya. Ban san me na yi masa ba.

Alhamis, da safe

Ba abin da na yi masa. Na duba duk, ban samu ba.

Juma'a, da yamma

Goggo ta zo, yayar Baba. Ta rufe shagon kitsonta da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Suka shiga ɗaki su uku, ni ina wanke kwanoni a ƙarƙashin taga. Ba laɓe na yi ba, wurin wanke-wanke nan ne. Kuma muryar Goggo ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

Mama ta ce, "Lalura ce, Goggo. Likita ta ce lalura ce."

Goggo ta ce, "Lalura ita ce hawan jini. Lalura ita ce ciwon suga. Mutum babba yana sha'awar ƙananan yara ki ce min lalura?"

Na rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake rubutawa ba.

Mama ta ce Yaya bai taɓa kowa ba. Ta ce shi ya kai kansa asibiti, ba kama shi aka yi ba, shi ya zo ya durƙusa ya faɗa musu, shi ya ɗauki katifarsa saboda yaran da ke gidan. Goggo ta ce duk haka suke cewa. Mama ta ce wa kika taɓa gani ya faɗa kafin a tambaye shi.

Sai yanzu na tuna, ya daɗe yana fita kafin a kawo yara, ba ya dawowa sai an kwashe su. Na ɗauka hayaniyarsu ce ba ya so.

Na yi ta wanke kofi ɗaya har Mama ta fito ta karɓe shi daga hannuna.

Asabar, da hantsi

Goggo ta kwana a nan. Da safe ta ce in zo ta yi min kitso, kaina ya zama kamar gidan tsuntsu. Na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta tsefe, ta shafa mai, ta yi layi biyu ba ta ce komai ba. Goggo ba ta taɓa yin layi biyu ba tare da ta zagi wani ba.

Sai ta ce, "Shiru, zan tambaye ki abu, ba sai kin juyo ba. Yayanki ya taɓa yi miki abin da ba ki so? Ko ya ce ki ɓoye wani abu?"

Na ce a'a.

"Ki yi tunani. Ba za a dake ki ba, ba za a ce laifinki ne ba."

Na yi tunani da gaske, don ta ce in yi. Na ce a'a, Goggo. Abin da ya taɓa cewa in ɓoye shi ne ranar da ya ƙona rediyon Baba ya sayo wani iri ɗaya.

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Sannan ta ce ko waye, ko malami, ko ɗan'uwa, ko wanda kowa ke gaisarwa da ladabi, in ya matsa min in zo wurinta, ko da rabin magana ce zan iya fitarwa, ita za ta ƙarasa. Na ce to. Ta ce, "Ni ba wanda ya tambaye ni." Ban juyo ba, tunda ta ce kada in juyo. Na dai jingina da gwiwarta, ta bar ni.

Kitson ya yi kyau, bai yi zafi ba.

Lahadi, da yamma

Baba ya aike ni. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Ki rubuta wa wancan. Ki ce ya zubar min da mutunci, kada in sake ganin ƙafarsa a gidan nan."

Na riƙe wayar. Na tuna Yaya shi kaɗai a shago tsakanin matattun fankoki. Na rubuta, "Baba ya ce ka zauna a can tukuna, ka kula da kanka."

Ya amsa, "Da gaske Baba ne ya ce haka?"

Na rubuta e.

Baba ya ce me ya ce. Na ce ya ce ya ji.

Talata, bayan makaranta

Kullum sai Baba ya ba da saƙo. Jiya ya ce in ce masa ya yi asarar tarbiyya. Na rubuta Baba yana tambayar lafiyarka. Yau ya ce in ce masa in yana da sauran kunya kada ya yi fashin asibitin nan ko sau ɗaya. Wannan bai buƙaci gyara sosai ba, kunyar kawai na cire.

Ina ganin mutumin da ba ya son jin labarinka ba zai riƙa aika maka zagi kullum a kan lokaci ba. To ba ƙarya nake yi ba sosai.

Sarauniya ta ci abinci yau ba roƙo. Mama ta yi mata tafi, sai kuma ta shiga ɗaki ta daɗe.

Laraba, da yamma

Mun je asibiti, ni da Mama da Goggo. Likita ce ta ce a zo da ni. Goggo kuwa ba wanda ya gayyace ta, ta ce za ta je ta ga matar da ke raba wa mugunta sabon suna.

Doguwar baranda ce mai benci kore, da ƙofofi iri ɗaya. Ni na karanta lambar ɗakin. Yaya yana zaune a ƙarshen benci. Ya rame, gemu ya fito masa ba tsari. Da ya gan mu ya miƙe, ya gaishe da Mama, ya gaishe da Goggo. Goggo ta amsa wa bango.

Ya ce min, "Sakatariya, an ƙara miki albashi?"

Na ce a'a. Ya zauna nesa, Mama a tsakaninmu. Ya tambaya wa ya yi min kitso, na nuna Goggo da ido. Ya ce ai ya gane, layin ya miƙe kamar titi.

Likitar ta gan ni ni kaɗai. Mace ce gajera mai tabarau, ta ba ni ruwa. Tambayarta irin ta Goggo ce, amsata ma iri ɗaya. Ta ce abin da ke damun Yaya ba ni na jawo ba, kuma ba aikina ne in warkar da shi ba. Ta ce dokokin da ya sa wa kansa masu kyau ne, in taya shi riƙe su ko da ina kewarsa. Na ce ina kewarsa. Ta ce ta sani.

Alhamis, da yamma

Goggo ta zo ba wa Baba labarin asibiti. Baba yana goge takalmi, ya yi kamar ba ya ji. Ta ce, "Shiru, ki faɗa wa Direba," haka take kiran Baba, sai kuma ta ci gaba da kanta ba ta jira ni ba.

Ta ce ta tambayi likitar, in kun ce ciwo ne, ran da wani ya lalata yaro ba da kalmar nan taku zai fake ba? Likita ta ce da ciwo da ba ciwo, duk wanda ya taɓa yaro mai laifi ne, hukunci ya hau kansa, ba sunan da zai wanke shi. Ta ce su a wurinsu abin da ke zuciyar mutum daban, abin da hannunsa ya aikata daban. Sun ba abin suna ne don mai shi ya san akwai ƙofar da zai buga kafin ya cuci kowa. In aka kira kowa dodo, ɓoyewa zai yi, kuma wanda ya ɓoye shi kaɗai ya fi zama haɗari ga yara.

Mama ta ce, "Kin ji ko."

Goggo ta ce, "Na ji, ban ce na yarda ba. Ita likitar ba ta taɓa zama yarinyar da aka cuta ba. In aka ce ciwo, tausayi duk ya koma kan babba, yaron a manta da shi."

Mama ta ce wane yaro, ai ba yaro a maganar nan. Goggo ta ce shi take so ya ɗore.

Baba ya ce, bai ɗago ba, "Shiru, ki tambayi goggonki, to me za a kira shi?"

Goggo ta ce, "Ni ban san abin da za a kira shi ba. Abin da na sani, ran da ya taka gidan nan da yara a ciki, ni da ƙafata zan bi iyayensu gida gida." Mama ta ce ba zai taka ba. Goggo ta ce to shi ke nan, a ba ta shayi.

Ina son Goggo. Ina son Mama. In Goggo na magana sai in ga ita ce da gaskiya, in Mama ta amsa sai in koma wurinta.

Juma'a, bayan an ɗauki yara

Baba ya shiga ɗakin Yaya ya tsaya yana kallon kwalayen wayoyi da tsofaffin rediyo. Ya fito ya ce, "Ki ce masa ya aiko a kwashe tarkacen nan ko in zubar."

Ya daɗe a ɗakin, na gani. Ya ma ɗaga takalman ya kaɗe musu ƙura. Sai na ce a raina da za su ga juna da komai ya yi sauƙi. Na rubuta, "Baba ya ce ka zo gida gobe da safe, yana son ganinka."

Ya ce, "Ba yara?"

Na ce gobe Asabar, ba a kawo su.

Ya ce, "Zan zo." Sai ya sake turo wani, "Na gode, Sakatariya."

Na ce wa Baba ya ce to.

Asabar, da rana

Maman Tagwaye ta kawo su da sassafe. An canza mata aiki, ta ce Mama ta taimaka mata yau kawai.

Na so in rubuta wa Yaya kada ya zo, amma wayar tana cikin jakar Mama. Da na ce a ba ni, da an tambaye ni don me. Na je bakin jakar na dawo, na sake zuwa na dawo. Na ce bari in gama wanke wa Tagwaye hannu. Bakina ne ya ƙi buɗewa kamar yadda yake yi a aji.

Ba zan iya rubuta sauran yanzu ba.

Asabar, da yamma

Yaya ya zo da riga a goge, ya riƙe ledar lemo. Ina hango shi ta ƙofar gida. Ya kai hannu zai tura, sai Tagwaye suka ƙyalƙyale da dariya a tsakar gida. Ya janye hannun. Ya ja da baya, ya ƙetare titi, ya tsaya jikin katangar maƙwabta.

Baba yana wanke mota a waje. Goggo ta zo tun da safe, tana zaune a bakin ƙofa tana tsefe wa Mama kai.

Baba ya ce, "Me ya kawo ka?" Kai tsaye ya faɗa, ba ta bakina ba.

Yaya ya ce, "Kai ka ce in zo, Baba. Amma akwai yara, ba zan shiga ba."

"Ni na ce ka zo?"

Yaya ya ciro wayarsa ya miƙa daga nesa. Baba ya goge hannu a wando ya karɓa. Baba yana karatu a hankali, leɓensa na motsi. Ya karanta na jiya, ya hau sama, ya ƙara hawa. Baba yana tambayar lafiyarka. Baba ya ce ka kula da kanka. Ya karanta duka. Sai ya juyo ya dube ni.

Yaya ma ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane. Fuskarsa ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi.

Ya ce, "Ba ko ɗaya?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Ba komai, Sakatariya." Ya ɗora ledar a kan katanga, ya karɓi wayarsa, ya tafi. Baba ya tsaya da soso a hannu, ruwa na bin ƙafarsa.

Goggo ta ce, ba da ƙarfi ba, "Bai shiga ba. Na gani da idona."

Ba wanda ya dake ni. Ba wanda ya yi min faɗa ma. Mama ta ɗauko lemon ta ajiye a kan firji, yana nan har yanzu.

Lahadi, da yamma

Mama da kanta ta je gidan Maman Tagwaye. Goggo ba ta tilasta mata ba. Mama ce ta ce yaran mutane ne, kuma jiya saura taku kaɗan, uwarsu tana da haƙƙin sani. Goggo ta raka ta, ta riƙe mata jaka.

Da suka dawo idon Mama ya yi ja. Goggo ta dafa mata shayi ta sa suga da yawa, ta ce, "Sha, sarkin kuka." Mama ta sha.

Na rubuta wa Yaya ka yi haƙuri. Bai amsa ba.

Litinin, bayan makaranta

Ba a kawo Tagwaye ba. Ƙananan kofunansu suna kan shiryayye.

Talata, bayan makaranta

An kawo Sarauniya da Mai Majina. Maman Sarauniya ta daɗe a bakin ƙofa da Mama. Na ji ta ce, "Ni dai tunda kin faɗa min da bakinki, kuma ba ya gidan." A shagon kusa kuma mai shago ya ba ni sabulu bai ce min 'yar shiru-shiru ba kamar kullum. Wata mata ta ce wa wata, ƙanwar ɗan iskan nan ce. Na ji. Na ƙirga canjina na fito a hankali don kada su ce gudu na yi.

Goggo ta ce in nuna mata matar. Na ce ai ke ma kina faɗin irin haka. Ta ce, "Ni goggonsa ce, ni na yi masa wankan jariri. Ita wace ce?"

Yaya bai amsa ba. Baba bai ba da saƙo ba tun Asabar.

Laraba, da rana

An kira Mama daga asibiti. Yaya bai je ba. Sun ce likita za ta jira shi har yamma.

Mama ta kira shi, wayar a kashe. Ta zauna a bakin gado da mayafi a hannu, yara biyu na barci a tabarma, ba wanda za ta bar wa su sai ni, kuma ba ta san me za ta ce masa ba in ta je. Ta ce kada in faɗa wa Baba, zai ce ga shi nan, dama ya faɗa.

Baba ya dawo cin abincin rana. Ya zauna, ya wanke hannu. Na tsaya a gabansa har ya ɗago.

Na ce, "Baba, Yaya bai je asibiti ba."

Ya ce, "Uwarki ce ta aiko ki?"

Na ce, "Ba wanda ya aiko ni. Nawa ne." Muryata ta fito ƙarama amma ta fito. Na ce yana zuwa ne don yana ganin kana bayansa, ni na sa ya ga haka, yanzu ya san ba ka nan. Na ce likita ta ce wanda ke shi kaɗai ya fi haɗari. Na ce ka zage shi in kana so, amma ka je. Ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawon haka ba.

Ya dube ni, ya dubi abincin. Ya ce, "Ke kike rubuta cewa ina tambayar lafiyarsa."

Na ce e.

Ya ce, "Wa ya ce miki ina tambaya?"

Na ce ba kowa.

Ya rufe kwanon, ya ɗauki makulli. A bakin ƙofa ya ce wa Mama, ita da kanta, "Ki ajiye min, zan dawo in ci."

Laraba, da yamma

Ya dawo bayan an ɗauki yara. Goggo tana nan, Mama ta kira ta. Ya zauna ya buɗe kwanon, abincin ya yi sanyi, ya ci haka.

Mama ta ce, "Ka same shi?"

Ya ce, "A shago, ya kulle kansa. Na kai shi. Na zauna a bencin nan nasu, ya fi kujerar mota tauri."

Goggo ta ce, "To, Direba, ka yarda ciwo ne ke nan?"

Baba ya ce, "Ban yarda da komai ba. Gidan nan dai ba zai shigo ba muddin akwai yaro a ciki, na faɗa masa, ya ce shi ma haka yake so. Laraba mai zuwa ni zan sake kai shi."

Goggo ta ce ita bakinta ba zai canza ba. Baba ya ce kada ya canza, shi Yaya ma ya ce gara a samu mai tuna masa. Sai Goggo ta ce gemun nan nasa fa, ba wanda zai ce masa ya aske?

Alhamis, bayan makaranta

Ba a kawo Tagwaye ba har yau. Mama ta ce ba za ta roƙa ba, uwarsu ta yi abin da uwa za ta yi. Na wanke kofunansu na mayar.

Yaya ya turo saƙo. "Sakatariya, Baba ya zage ni tun daga shago har ƙofar asibiti, a dawowa ma bai huta ba. Na ji daɗin kowanne. Daga yau kada ki gyara min ko ɗaya."

Na karanta wa Mama, ta yi dariya har ta goge ido. Ta ce ranar Asabar za mu kai masa abinci ni da ita, mu zauna a bakin shago. Baba yana jin mu daga ɗaki. Ya ce, "Shiru, ki ce masa ya aske gemun nan kafin Laraba, ya yi kama da tsohuwar tsintsiya, ba zan ɗauki tsintsiya a motata ba."

Na rubuta shi yadda ya faɗa, har da tsintsiyar sau biyu, na tura.